Muhawara: Akori-kurar da Amurkawa ke ɗagawa sama, ta aiki ce ko ta ado?

Malam Habibu, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗan yayana da ke karatu a jihar Jojiya ta Amurka ya turo mini hoton wata akori-kura ƙirar Ford da ya gani a ƙofar wani babban kanti, kuma tun jiya nake kallon hoton ina jinjina kai. An ɗaga motar har ta kai sai an maƙala mata matakala mai saukowa da kanta kafin mutum ya iya shiga, tayoyinta sun kai wa yaron ƙugu, amma ƙarƙashinta fes yake, har da fitilu masu launi a mazaunin tayoyin. Shekarata ashirin da shida ina kanikanci, kuma a iya sanina mota tana neman tsayi ne idan hanyarta ta lalace, alhali hanyar da ke cikin hoton nan shimfiɗaɗɗiyar kwalta ce wadda ko rami ɗaya babu. Yaron ya ce masu irin waɗannan motoci ana kiransu redneck, wato mutanen karkara. Ina roƙon mazauna can su fahimtar da ni: wane aiki ne a ƙauyukan Amurka yake buƙatar wannan tsayi, kuma idan motar aikin ƙauye ce, ina lakar take?

Injiniya Bashir, Hiyuston, Teksas:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Idon bakanike ba ya ƙarya, domin tambayar lakar nan ita ce tambayar da Amurkawa da kansu suke yi wa junansu. Ɗagawar iri biyu ce. Akwai wadda ake cusa ƙananan tubala tsakanin bodi da ƙashin motar, a samu ƙarin inci biyu ko uku, ita ce mai araha. Akwai kuma wadda ake sauya sifirin da shokazoba da hannuwan da ke riƙe da ƙafafu, a samu inci huɗu, ko shida, ko fiye da haka, ita ce mai cin kuɗi. Abin da kai za ka gane nan take, wanda da yawa daga cikin masu motocin ba su damu da shi ba, shi ne ko an ɗaga bodi ya kai rufin ɗaki, tulun da ke tsakiyar aksil ɗin baya yana nan inda yake, kuma shi ne zai fara dukan dutse ko ya nutse a taɓo. Babu abin da ke ɗaga shi sai babbar taya. Idan mutum ya cire taya mai inci 32 ya sa mai inci 37, inci biyu da rabi kaɗai tulun ya ƙaru da shi daga ƙasa. Saboda haka asalin amfanin ɗagawa shi ne samar wa babbar taya wurin juyawa.

Da wannan za ka iya tantance motar da ke cikin hotonka. Duba ƙafafunta. Idan roba ce mai kauri a kan ƙaramin ƙarfe, mai yiwuwa tana shiga daji, domin direba yana rage mata iska ta baje a kan yashi ko laka. Idan kuwa ƙaton ƙarfe ne mai ƙyalli na inci 24 da siririyar roba a kansa, wannan motar ba za ta kusanci gona ba, don dutse ɗaya zai lanƙwasa ƙarfen da ya ci kuɗin babur. Amurkawa suna yi wa irin wannan laƙabin da ma'anarsa ita ce gimbiyar kwalta.

Usman Direba, Okalahoma:
Ina goyon bayan Injiniya, kuma zan faɗi abin da idona ya gani. Tirela nake ja, kuma shekara shida ke nan ina kai abincin dabbobi garuruwan makiyaya a Okalahoma da Kansas da arewacin Teksas. Motar makiyayi na gaske ba ta da wannan tsayin. Yawanci babbar akori-kura ce mai dizal, irin su F-350 ko Ram 3500, sau da yawa an cire akwatin bayanta an sa shimfiɗaɗɗen ƙarfe, da wasu hannuwa biyu da ke ɗaukar ƙunshin ciyawa, jikinta duk a lotse, ga kare a baya. Dalili a fili yake. Tirelar shanu a nan tana da dogon wuya da ke sauka a tsakiyar bodin mota, kuma idan ka ɗaga motar inci shida wuyan zai riƙa dukan gefen bodi, tirelar ta karkata, nauyi ya koma kan tayoyinta na baya. Sannan wanda zai loda buhu arba'in da hannunsa kowace safiya ba ya son bayan mota ya kai masa ƙirji. Wani dattijon makiyayi da nake sauke wa kaya ya taɓa nuna mini wata doguwar mota da ke wucewa, ya yi mini karin maganarsu ta Teksas, wadda idan na juya ta zuwa Hausa za ta zama: ga malafa, babu shanu.

Dakta Aminu, Zariya:
Tun da Malam Habibu ya ambaci sunan da ake kiran mutanen, bari in tsoma baki a wannan ɓangaren, domin ina ganin ba za a gane motar ba sai an gane sunan. Kalmar redneck ma'anarta mai jar ƙeya. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake jifan talakawan Turawan kudancin Amurka da ita, waɗanda ke wuni a sunkuye cikin gonar auduga har rana ta ƙona musu bayan wuya, da yawansu kuma ba su mallaki gonar da suke nomawa ba, rabon amfani suke yi da mai ƙasa. Zagi ne na masu hali da mutanen birni, kusan yadda namu ɗan birni zai ce wa mutum baƙauye ko bagidaje. Akwai kuma labarin ma'aikatan haƙar kwal na Birjiniya ta Yamma, waɗanda a 1921 kimanin dubu goma daga cikinsu suka ɗauki makamai a dutsen Blair suna neman 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago, suna ɗaure da jan ƙyalle a wuya, su ma aka kira su da wannan suna, ko da yake kalmar ta girmi wannan rikici.

Abin da ya faru daga baya shi ne jikokin waɗanda aka zaga sun karɓi zagin sun mai da shi kirari. Daga nan 'yan kasuwa suka shigo, aka fara sayar da sunan a jikin riga da hula da waƙoƙi da shirye-shiryen talabijin. A yau manoma ba su kai kashi biyu cikin ɗari na Amurkawa ba, mazauna karkara gaba ɗaya kuwa kimanin kashi ashirin ne bisa ƙidayar 2020, amma jerin akori-kurar F na kamfanin Ford ya shafe fiye da shekara arba'in yana kan gaba a cinikin motoci a ƙasar. Lissafin ba zai fita ba sai an yarda cewa ɗimbin masu saye mazauna unguwannin gefen birni ne, masu aikin ofis ko shago, waɗanda kakanninsu ne suka yi noma. A ganina mutumin da ya bar gona yana neman abin da zai nuna cewa bai bar asalinsa ba, kuma mota ta fi sauƙin samu a kan hekta ɗari.

Nura, Luwiziyana:
Ina neman afuwar manya, amma dole in yi magana, domin ni ina da irin motar da ake ta yi wa dariya a nan. Silverado ce ƙirar Chevrolet, an ɗaga ta inci huɗu, tayoyinta inci 35. Aikin walda nake yi a wuraren haƙar mai, kuma hanyoyin da muke bi zuwa wurin aiki ba irin wadda Baba Habibu ya gani a hoto ba ce. Kudancin Luwiziyana fadama ce, ruwa yana kwance kusa da fuskar ƙasa, kuma idan manyan motoci suka tattake hanyar tsakuwa bayan ruwan sama, sawun da suke bari yana iya haɗiye ƙaramar mota. Abokan aikina suna shiga daji farautar barewa da agwagwa a lokacin sanyi, naman kuma shi iyali ke ci watanni. Ina kuma tuna wa Injiniya, tun da a Hiyuston yake, abin da ya faru a watan Agustan 2017 lokacin guguwar Harvey, sa'ad da ruwan sama ya haura inci 50 a wasu wurare. Su wa suka shiga unguwanni suna kwaso tsofaffi da yara? Masu dogayen motocin nan ne, tare da mutanen Luwiziyana da suka jawo ƙananan jiragensu na kamun kifi a bayan akori-kura. A ranar babu wanda ya kira su jahilai. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutumin birni yana iya kashe dukiya a kan motar tsere ta Jamus wadda ba zai taɓa gudun da aka ƙera ta dominsa ba, a ce yana da ɗanɗano, amma idan lebura ya ƙawata tasa sai a ce ɓarna ce.

Injiniya Bashir, Hiyuston, Teksas:
Nura, ban manta da Harvey ba, kuma abin da ka faɗa gaskiya ne, na ga motocin da idona. Amma ka lura cewa taka inci huɗu ce da taya mai kauri, kuma ka faɗi hanyar da take bi. Ba kai ake nufi ba. Sai dai zan ƙara da cewa hukumar hasashen yanayi ta ƙasar nan kullum tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai ƙafa biyu yana iya tafiya da akori-kura, kuma babbar taya cike take da iska, ita ma tana taimaka wa mota ta yi iyo. Tsayi yana sa direba ya yi ƙarfin halin da bai kamata ba. Game da yawan masu amfani da motar yadda kake amfani da taka, akwai binciken kamfanin Strategic Vision da jaridun motoci suka yayata, wanda ya nuna cewa kimanin kashi 75 cikin ɗari na masu akori-kura ba sa jan tirela fiye da sau ɗaya a shekara, kusan kashi 70 kuma ba sa sauka daga kwalta fiye da sau ɗaya a shekara. Ko siffar motar ta ba da shaida: a da kujera ɗaya ce doguwa da bodi mai ƙafa takwas, yanzu ƙofa huɗu ce da kujerun fata, bodin ya koma ƙafa biyar da rabi.

Malam Isuhu, Maraɗi:
Ni dai ina tare da yaron nan Nura a wani ɓangare. Ranar hawan Sallah muna yi wa doki lifidi da jalala da sirdi mai ado, kuma ba mu taɓa jin wanda ya ce a tuɓe su saboda dokin ba ya zuwa yaƙi ba. Direbobin manyan motocin katako sun daɗe suna zana dawisu da zaki a jikin motocinsu. Ɗan Adam yana ƙawata abin da yake alfahari da shi, ko da ya daina cin abinci da shi. Tambayata daban ce. A nan duk wanda ke da aikin daji Hilux yake nema, ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, ba a ɗaga su, kuma suna ratsa rairayi har Agadas. Me ya hana Amurkawa sayen irinsu su huta?

Injiniya Bashir, Hiyuston, Teksas:
Malam Isuhu, amsar tambayarka tana da ban dariya, domin kaji ne sanadi. A farkon shekarun 1960 ƙasashen Turai, musamman Jamus ta Yamma da Faransa, sun ɗora haraji a kan naman kajin Amurka, sai Shugaba Lyndon Johnson ya rama da harajin kashi 25 cikin ɗari a kan wasu kayayyaki, ciki har da ƙananan motocin ɗaukar kaya da ake shigowa da su, ya fara aiki a 1964. An janye sauran, amma na motocin yana nan har yau, kuma shi ya killace wa kamfanonin gida wannan kasuwa. Toyota ta sayar da Hilux a nan har zuwa 1995, sannan ta maye gurbinta da Tacoma. Ƙa'idojin shan mai da aka kafa tun 1975 sun fi sassauci ga motocin kaya, dokar haraji kuma tana ba mai sana'a rangwame mai tsoka idan nauyin motarsa da kayanta ya haura fam 6,000. Duk waɗannan suna tura kamfani da mai saye zuwa ga babba. Abin mamaki, wasu manoman yanzu suna shigo da 'yan mitsi-mitsin akori-kurar Japan da suka shekara 25, waɗanda doka ta yarda a shigo da su, domin zagaya gona.

Shi kuwa tsayin don nishaɗi yana da tarihinsa. Wani mutumin Misuri mai suna Bob Chandler ya fara ƙara wa F-250 ɗinsa girma a tsakiyar shekarun 1970, ya sa mata suna Bigfoot, a 1981 kuma aka ɗauki hotonta tana tattake tsofaffin motoci a wani fili, daga nan abin ya zama wasan da ake cika filayen wasa dominsa. Yaran da suka tashi suna kallon wannan su ne magidantan yau. Kamfanoni sun gane haka, shi ya sa suke fitar da irin su Raptor da Trail Boss a ɗage tun daga masana'anta.

Hajiya Rabi, Karolina ta Arewa:
Malam Isuhu, Allah ya ƙara girma, misalinka na doki ya yi kyau, amma dokin hawan Sallah rana ɗaya yake fita, da dogarai suna buɗe masa hanya. Waɗannan kullum suna kan titi tare da 'ya'yanmu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a sashen gaggawa, kuma raunin wanda ƙaramar mota ta buge ya bambanta da na wanda doguwar mota ta buge. Ƙaramar mota tana dukan ƙafa, mutum ya faɗa kan bonet. Doguwa tana dukan ƙirji da kai, ta tura shi ƙarƙashinta. Cibiyar binciken haɗurran mota ta IIHS, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, ta fitar da bincike a 2023 cewa motar da gabanta ya haura inci 40 ta fi mai gajeren gaba yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kimanin kashi 45 cikin ɗari, kuma a 2022 masu tafiya a ƙasa fiye da dubu bakwai ne suka mutu a titunan Amurka, adadin da aka shekara arba'in ba a ga irinsa ba. Ga fitilunsu da ke shiga ido kai tsaye idan ina dawowa daga aikin dare, domin kaɗan ne ke gyara saitinsu bayan ɗagawa.

A jiharmu samari sun fito da wani salo da ake ɗaga gaban mota a bar bayanta a durƙushe, har sunan Karolina aka laƙaba masa. An ce kwaikwayon motocin tseren hamadar Baja ta Meksiko ne, alhali babu hamada a nan. Direban yana kallon sama, ba ya ganin abin da ke gabansa. Majalisar jiha ta haramta shi daga Disambar 2021 idan gaban ya ɗara bayan da inci huɗu, Birjiniya ta bi sahu a 2022 bayan wani hatsari da ya ci ran wani magidanci, Karolina ta Kudu kuma a 2023. Waɗannan jihohi ne da 'yan majalisarsu da yawa daga karkara suka fito, saboda haka ba za a ce ƙiyayyar mutanen birni ce ba.

Nura, Luwiziyana:
Hajiya, ban musa ko ɗaya ba, kuma wannan durƙushin ko abokan aikina ba sa ƙaunarsa. Haka masu taɓa injin dizal don ya riƙa fesa baƙin hayaƙi a kan masu keke, abin da hukumar kare muhalli ta ce ya saɓa wa doka, mu ma kunya suke ba mu. Abin da nake so a gyara shi ne ɗaukar cewa duk mai doguwar mota Bature ne mai ƙin baƙi. A nan Luwiziyana da gabashin Teksas baƙaƙen fata na karkara suna da al'adar hawan dawaki ta ƙarshen mako, kuma da irin waɗannan motoci suke jawo dawakin. 'Yan asalin Meksiko su ma suna da nasu salon. Ba zan ɓoye ba, idan na ga tutar 'yan awaren kudu na zamanin yaƙin basasar Amurka, waɗanda suka yi yaƙi don ci gaba da bautar da baƙaƙen fata, tana kaɗawa a bayan mota a gidan mai da dare, ba na daɗewa a wurin. Amma mutumin da ya koya mini walda, wanda ke tsayar da aiki ranar Juma'a don in je masallaci, da bakinsa yake kiran kansa redneck.

Dakta Aminu, Zariya:
Wannan ya ƙara mini haske, Nura. Sai dai zan so ka lura da wani abu a maganar Usman da ta Injiniya. Sunan ya samo asali ne daga mutanen da ba su da komai sai ƙarfinsu, amma yau alamar sunan mota ce da sabuwarta kan haura dala dubu sittin kafin a ƙara mata taya da sifirin, ana biyan bashinta wata 72 ko 84. Mai jar ƙeya na asali ba zai iya sayenta ba. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne saurayin ƙauye mai ƙaramin albashi da ke cin wannan bashi don kada ɗan birni ya fi shi kama da ɗan ƙauye.

Malam Habibu, Kaduna:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Na sake buɗe hoton na duba ƙafafun kamar yadda Injiniya ya ce, kuma lallai ƙaton ƙarfe ne mai ƙyalli da 'yar siririyar roba. Saura tambayar sana'a ga Nura. Idan ka ƙara girman taya ba ka sauya haƙoran aksil ba, motar za ta yi nauyin tashi, giya ta riƙa wahala, agogon gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da abin da kake yi. Ka sauya su, ko haka kake tafiya?

Nura, Luwiziyana:
Baba Habibu, ka kama ni. Na yi wata takwas ban sauya ba, sai da ɗan sanda ya tsayar da ni a kan gudun da agogona bai nuna ba, sannan na kai ta aka sauya haƙoran gaba da baya, aka saita kwamfutar motar. Mahaɗan ƙafar gaba kuma sau biyu ke nan ina sauya su, man da take sha ya ƙaru, birki ma sai na fara taka shi da wuri idan ina ɗauke da injin walda. Matata ta ce ba za ta sake shigarta da zani ba sai na sa mata matakala, kuma na yi odar ta, ranar Talata za a kawo.